Faifan Garmaho Ya Dawo: Yadda Za A Tashi Tsofaffin Na'urorin Da Ke Barci A Gidajenmu

Alƙaluman shekarar 2022 da ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta fitar sun nuna cewa an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, yayin da aka sayar da faifan CD miliyan 33. Rabon da garmaho ya sha gaban CD a yawan ciniki tun 1987. Kuɗin da aka samu daga faifan garmaho a waccan shekara kaɗai ya kai dala biliyan 1.2, kuma da yawa daga cikin masu sayen matasa ne waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da aka yi wa faifai jana'iza. Kamfanin Technics, wanda ya daina ƙera shahararren garmahonsa SL-1200 a 2010 saboda rashin kasuwa, dole ta sa ya dawo da shi a 2016.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. A gidaje da yawa na Kano, Kaduna, Jos, Zariya, Maraɗi da Damagaram, akwai akwati ko kwali a ƙarƙashin gado ko a kan silin, cike da fayafayan da mahaifi ko kaka ya saya da guminsa. Kusa da shi kuma akwai amfilifaya mai fuskar azurfa da manyan sifiku biyu na katako, waɗanda yanzu aka mayar wurin ajiye tarkace. Wasu daga cikin waɗannan fayafayai su ne kwafi mafi kyau da ya rage na muryoyin makaɗanmu. Shi ya sa tashin waɗannan na'urori ya wuce sha'awa kawai, kuma shi ya sa ya kamata a yi shi bisa ƙa'ida.

Yadda faifai ya shigo falo

Thomas Edison ne ya fara ƙera na'urar da ke naɗar murya ta kuma maimaita ta a 1877, amma a jikin wani abu mai siffar gwangwani. Bayan shekara goma, Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Fayafayan farko da suka yaɗu a duniya suna juyawa sau 78 a minti ɗaya, ana yin su da wani irin ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya da Tailan. Suna da nauyi, suna fashewa da zarar sun faɗi, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar. Ga makaɗin Hausa da ya saba raba dare yana jero kirari da ambaton iyayen gida, minti uku ko shimfiɗa ba ta isa ba.

Sauƙi ya zo a 1948, lokacin da kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai faɗin inci 12, wanda ke juyawa sau 33 da sulusi a minti, yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowane gefe. A 1949 kamfanin RCA Victor ya kawo ƙaramin faifai mai inci 7 da ke juyawa sau 45. Daga 1958 kuma aka fara sayar da fayafayan sitiriyo, masu raba sauti zuwa sifikar dama da ta hagu.

A Nijeriya, manyan kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar: EMI, Decca, da Philips wanda daga baya aka san shi da Phonogram sannan PolyGram. A Onica kuma akwai kamfanonin 'yan ƙasa irin su Tabansi da Rogers All Stars, wanda ya fitar da "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga a 1976. Fayafayan Alhaji Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos sun fito da tambarin EMI, kamar yadda na Bongos Ikwue da wasu na Fela suka fito.

Kasuwar ta yi tashe a tsakiyar shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, sannan aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas a 1975. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin jirgin ƙasa suka sami kansu da kuɗi a dunƙule. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure, da yawa kuma suka ɗauko rediyo mai haɗe da garmaho a cikin doguwar akwatin katako, ko kuma jerin na'urorin Japan: Pioneer, Sansui, Kenwood, Akai, Sony, National. A cikin kwali ɗaya za ka tarar da Shata kusa da Jim Reeves, Jimmy Cliff kusa da waƙoƙin finafinan Indiya, a gefe kuma ga karatun Alƙur'ani na ƙurra'un Masar da alhazai ke dawowa da shi.

Abin da ya kashe kasuwar

Kaset ne ya fara yi wa faifai illa. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1970 ya mamaye ƙasar Hausa. Ya fi araha, yana aiki da batir a ƙauyen da babu lantarki, ana saurarensa a mota, kuma kowa na iya kwafarsa. Wannan sauƙin kwafa shi ne ya karya kamfanoni: mutum ɗaya ya sayi faifai, masu shagon naɗa su juye shi a kaset ɗari. Da aka karya darajar naira a 1986, kayan aikin buga faifai da ake shigowa da su suka gagari saye. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin waje sun sallama rassansu: EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier. Injinan buga faifai suka yi shiru.

Abin takaicin shi ne makomar manyan tef-tef na asali, waɗanda daga jikinsu ake buga fayafayai. Tef ba ya jure zafi da laima, kuma adana shi na buƙatar ɗaki mai sanyi da kulawa ta kullum. Duk waƙar da tef ɗinta ya lalace ko ya ɓata, faifan da aka sayar wa jama'a shi ne ya zama asali. Yawancin waƙoƙin Shata, Ɗanƙwairo ko Haruna Uji da ke yawo a wayoyinmu yau an ɗauko su ne daga kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset, sannan aka matse su don su yi sauƙin turawa. Kalangu ya dushe, muryoyin 'yan amshi sun cakuɗe, wani lokacin ma gudun waƙar ya canja. Wanda ya saurari faifai mai lafiya na irin waɗannan waƙoƙi zai ji bambancin tun daga bugun farko.

Masu neman kayanmu

Mutanen waje sun riga mu gane darajar abin. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya tattaro tsofaffin waƙoƙi ya fitar da "Nigeria 70", Soundway ya biyo baya da "Nigeria Special". A 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu, mutumin da ya mallaki ɗakin naɗa da injin buga faifai nasa na kansa, sai ga shi ya yi suna a duniya 'yan shekaru kafin rasuwarsa a 2017.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba. A shekarar 2013 ɗin dai, kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland ya buga kiɗan ogan da Mamman Sani ya naɗa a Yamai a 1978, wanda a da 'yan kwafin kaset kaɗan ne kawai suka fita. Haka kuma ya tattaro waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifan garmaho da sunan "Harafin So". Waƙar da aka yi a kwamfuta a Kano ta koma kan faifai don masu saye a Turai da Amurka.

Babu laifi a wannan sha'awa, musamman idan an nemi izini kuma an biya mawaƙi ko magadansa haƙƙinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda tsofaffin fayafayai ke ficewa daga hannunmu a kan kuɗin cefane. Dillali ya zo ya sayi kwali guda a dunƙule, ya tsince masu daraja, su ƙare a shafukan ciniki irin su Discogs. Magajin da ya sayar bai san abin da ya sayar ba, domin bai taɓa jin sa ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin darajar abin da ke cikin kwalin ita ce a tashi na'urar a saurara.

Kafin a jona wuta

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko amfilifayar da ta shekara talatin a ajiye, a kaɗe ƙura, a cusa a soket. Tsohon mai gyaran rediyo, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin da ake canja tiransisto ɗaya-ɗaya ba allo guda ba, tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, ka riga ka sa masa wuta?" Idan amsar a'a ce, sai ka ga hankalinsa ya kwanta.

Dalilinsa yana ciki. Idan ya kwance murfin, za ka ga ƙura ta yi wa allon bargo, a kusurwa ga sheƙar zanzaro ta laka, wataƙila ɓera ya ɗanɗani wayoyi. Kusa da tiransifoma akwai kafasito manya guda biyu masu kama da batirin tocila. A cikinsu akwai ruwan sinadari da ke bushewa da tsufa, kuma zafin ƙasarmu na gaggauta bushewar. Zai duba ko kansu ya kumbura ko sun yi yoyo a gindi. Idan aka ba su wuta kai tsaye suna iya fashewa, ko su ja wasu sassan su ƙone. Masu gyara na ƙwarai kan haɗa ƙwan fitila mai zare a kan layin wutar kafin su kunna: idan ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya, idan ya ci gaba da ci da ƙarfi, akwai matsala a ciki, kuma ƙwan ya tare ɓarnar.

Sai a juya bayan na'urar a karanta abin da aka rubuta. Wutarmu a Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, na cikin gidan Japan kuma 100. Da yawa daga na'urorin wancan zamani suna da makunnin zaɓar wuta a baya. Wadda ba ta da shi sai da tiransifoman rage wuta. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba. Lantarkinmu na bugawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka sau 60. Wasu garmaho suna ɗaukar gudunsu ne daga wannan bugu, don haka na Amurka zai juya a hankali a nan, kusan sau 28 maimakon 33, murya ta yi kauri, waƙa ta ja ƙafa. Haka ƙaramin janareta marar daidaito zai riƙa sa waƙa tana tangaɗi. Sitabilaiza mai kyau ko inbata mai tsaftatacciyar wuta ya fi wa waɗannan kaya.

Ƙarar "ƙarr-ƙarr" da ake ji idan an murɗa maɓallin murya datti ne kawai, ana wanke shi da man fesawa na musamman na kayan lantarki. Sifiku kuwa, a cire ragar gaba a duba zoben soso da ke kewaye da takardar. Idan ya ruɓe yana marmashewa, ana manna sabo ba tare da an jefar da sifikar ba. Akwatin katakon da maganaɗisun ciki, waɗanda su ne masu tsada, ba sa tsufa da wuri.

Allura: inda ake gyara, inda ake ɓarna

A kowane gefen faifai layi ɗaya ne tak, siriri, da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, tsawonsa ya kusa rabin kilomita. A faifan sitiriyo, bangon layin na dama da na hagu kowanne na ɗauke da nasa sauti cikin 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da ido ba ya gani. Ƙwayar lu'ulu'u da ke bakin allura ita ke bin waɗannan lanƙwashe, tana karkarwa, kan garmahon ya mayar da karkarwar lantarki. Allura kan yi aiki na awa 500 zuwa 1,000 kafin bakinta ya cinye. Da zarar ya cinye, sai ta koma kamar garma a kunya: duk inda ta bi sai ta kankare, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Saboda haka doka ta farko ita ce kada a ɗora faifai mai daraja a ƙarƙashin tsohuwar allurar da ba a san tarihinta ba. Kamfanoni irin su Audio-Technica da Ortofon har yau suna ƙera sababbi.

Nauyin da allura ke sauka da shi ma abin lura ne. Yawancinsu na buƙatar giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma ana daidaita shi da ƙarfen da ke bayan hannun garmahon. Tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan hannun don hana allura tsalle ta kashe fayafayai ba adadi. Idan allura na tsalle, ko dai faifan ya yi datti, ko ya lanƙwashe, ko teburin bai daidaita ba.

Garmaho iri biyu ne aka fi samu. Akwai mai bel, wanda siririn roba ke haɗa injin da farantin. Bayan shekaru bel ɗin kan saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo. A goge, a sa sabo mai daidai tsawo. Akwai kuma wanda injin ke juya farantin kai tsaye, irin su SL-1200, waɗanda ba ruwansu da bel kuma gudunsu bai dogara da bugun lantarki ba. Fayafayan 78 kuma suna buƙatar allura ta daban mai faɗin baki, da garmahon da ke da wannan gudu.

Wani abin da ke rikita masu sabuwar na'ura shi ne su jona garmaho su ji murya can ƙasa-ƙasa, siririya, babu nauyi. Ba lalacewa ba ce. Lantarkin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, kuma tun wajen yanka faifai ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa don layin ya samu wuri, bisa ma'aunin da aka daidaita a kai tun 1954. Dole a sami abin da zai ƙara ƙarfin ya kuma mayar da sautin daidai. Tsofaffin amfilifaya suna da shi a ramin da aka rubuta PHONO, sababbi da yawa ba su da shi, sai an sayi ɗan ƙaramin akwati na musamman. Kada kuma a manta da siririyar waya ta uku da ke fitowa daga garmaho: a ɗaure ta a ƙusar da ke bayan amfilifaya, in ba haka ba gurnani zai cika ɗakin.

Ƙura, zafi da ajiya

Abokan gaban faifai a ƙasarmu biyu ne: ƙurar hunturu da zafin bazara. Busasshiyar iska na sa roba ta riƙa janyo ƙura, ita kuma ƙura a cikin layi tana cin faifai da allura gaba ɗaya. Ana wanke faifan roba da tataccen ruwa, irin wanda ba a zuba wa komai ba, da ɗigon sabulun ruwa, a bi da'irar layin da tattausan ƙyalle, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye, a jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Faifan 78 kuwa ko kusa kada a sa masa sifirit, domin yana narkar da shi. Ana riƙe faifai ta baki da tsakiya, ba a dafa fuskarsa.

Ajiya a tsaye ake yi, kamar littattafai a kanta, ba a jibge wani kan wani ba. A nisanta su daga taga, daga ƙarƙashin kwano, daga bayan mota. Rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta lanƙwasa faifan da ya shekara hamsin lafiya. Kwalin ma a adana shi, domin a jikinsa ake samun hoton makaɗi, lambar faifai, jerin waƙoƙi, wani lokaci har da shekarar bugu, bayanan da masu nazari ke nema ruwa a jallo.

Tsoho da sabo a wuri ɗaya

Sabunta tsohuwar na'ura ba ya nufin juya wa zamani baya. Ɗan ƙaramin akwatin Bluetooth da aka jona a ramin AUX zai sa waya ta riƙa magana ta cikin manyan sifikun, a saurari karatu, labarai ko sababbin waƙoƙi da sautin da ƙananan sifikun roba na yanzu ba za su iya ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ramin da a da ake jona rakoda don naɗa a kaset, shi ne za a bi a shigar da sautin faifai cikin kwamfuta. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. A naɗa da cikakken inganci ba tare da matsewa ba, a ɗauki hoton kwali gaba da baya da takardar tsakiya, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Gaskiya ne cewa a ma'aunin injiniyoyi sautin kwamfuta ya fi na faifai tsafta: babu ƙas-ƙas, babu cinyewa. Abin da faifai ya fi shi da shi biyu ne. Na farko, yana tilasta natsuwa: sai ka tashi, ka zaɓa, ka goge, ka ɗora, ka zauna minti ashirin ba ka tsallake waƙa ba, yara suna tambaya waye wannan, babba yana ba da labarin wanda ake wa waƙar. Na biyu, yana ɗauke da abin da babu shi a wani wuri.

Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Masu gyaran da suka san cikin waɗannan na'urori su ma suna tsufa, kuma yaran shagonsu sun koma gyaran waya. Muna da cibiyoyin da wannan aiki ya dace da su: Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Gidan Makama a Kano, sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, da gidajen rediyon da ke da ɗakunan ajiyar fayafayai tun zamanin Jihar Arewa. Garmaho ɗaya mai lafiya, kwamfuta ɗaya da ma'aikaci ɗaya mai horo sun isa a buɗe wurin da iyali za su kawo kwalinsu, a naɗa, a rubuta bayanai, a mayar masu da kayansu tare da kwafi. Masu hannu da shuni da ke alfahari da cewa an yi wa iyayensu waƙa su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyinsa.

Kafin hakan ta samu, aikin yana hannun magada. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A fito da kwalin daga inda zafi ke dafa shi, a jera fayafayan a tsaye, a rubuta sunan kowanne, a kai amfilifaya wurin mai gyaran da ya san ta, a sayi sabuwar allura. Wanda ya ga dole sai ya sayar, to ya saurara tukuna, ya naɗi kwafi, ya kuma binciki farashin abin da ke hannunsa kafin ya ce wa dillali ya sallama.